Haƙorin Zaki da Fitsarin Kwance: Yadda Na Bi Sawun Sunan Wani Fure

Furen da ake kira dandelion ba ya jiran kowa ya shuka shi. Gefen titi, filin ƙwallo, tsagar siminti, duk inda iska ta ajiye irinsa nan zai kama. Asalinsa Turai da Asiya ne, amma yau ya cika Amurka da Ostareliya da sauran ƙasashe masu sanyi, har masu lambu suna ɗaukarsa ciyawar da ta fi kowace naci. Ko wanda bai taɓa taka inda yake fitowa ba ya san hotonsa: fure rawaya, wanda in ya tsufa yake komawa farin dunƙule mai gashi-gashi, a hura shi ya watse. Aikin da ya haɗa ni da shi ƙarami ne. An ba ni hotunan furannin daji in rubuta layi biyu ko uku a ƙarƙashin kowane, in faɗi sunansa da abin da sunan yake nufi. Sauran ba su ba ni wahala ba. Wannan ne ya riƙe ni.

Wani dattijo masanin tsirrai na fara tuntuɓa. Na ce masa, "Malam, wane ƙamus kuke ganin zan fara dubawa?" Ya ce, "Ajiye ƙamus tukuna, ɗana. Je ka tuge tsiron da saiwarsa ka kawo. Yawancin rigimar da ake yi a kan sunayen tsirrai, mutum biyu ne suke magana a kan ciyawa biyu, kowa yana zaton ɗaya ce."

Ya koya mini alamomin da zan duba, don furanni rawaya masu kama da shi suna da yawa. Karan dandelion na gaskiya guda ne, ba reshe, ba ganye a jikinsa, fure ɗaya tak a kansa, cikinsa kuma rami ne. In ka karya shi farin ruwa mai kauri da ɗaci zai fito ya ɓata maka yatsa. Ganyen duk a gindi suke, shimfiɗe a ƙasa a zagaye. Saiwa ɗaya ce doguwa mai nutsewa, wadda in ka bar guntunta a ƙasa sai ta sake tohowa. Akwai wani ɗan'uwansa, Hypochaeris radicata, wanda mutane da yawa suke ɗauka shi ne, amma karansa yana reshe, ba shi da wannan ramin, ganyensa kuma gashi ne da shi. Sai da na tabbatar da abin da ke hannuna sannan na koma kan takarda.

Ƙamus na asalin kalmomi daban yake da wanda muka saba. Shi ba ma'ana kawai yake bayarwa ba, yana nuna maka tsohon rubutun kalmar, da lokacin da aka fara ganinta a takarda, da harshen da ta fito. A nan amsar ba ta da wuya. Dandelion lalataccen furuci ne na Faransanci dent de lion, wato haƙorin zaki. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da masu ilimi na ƙarnuka, kalmomi dubbai suka kwarara cikin Ingilishi, wannan ma ta bi ayarin. Tsakanin ƙarni na 14 da na 15 an fara ganinta a rubuce, da siffofi irin su dent-de-lioun, kafin baki ya murƙushe kalmomin uku su zama ɗaya. Faransancin kansa fassara ce ta dens leonis, sunan da likitocin tsakiyar zamani suke rubutawa da Latin.

Da layi biyu kawai nake nema, da nan zan tsaya. Amma tsiron yana kan teburina, kuma tambaya ta taso da kanta: ina haƙorin yake?

Ashe an daɗe ana jayayya a kai. Mafi yawa sun ce ganye ne. Wasu sun ce furen ne, wasu kuma suka ce saiwar, saboda farin cikinta da tsininta. Na ɗauki gilashin ƙara girma na bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da muke kira fure ɗaya ba ɗaya ba ne, taron ƙananan furanni ne masu yawa a kai guda, kamar yadda yake ga duk dangin tsirran da ya fito daga ciki, wanda ake kira Asteraceae, kuma kowane ɗan harshe rawaya in ka zare shi za ka ga ƙarshensa yana da 'yan haƙora biyar. Gaskiya suna nan, amma ƙanƙantarsu ta kai sai ka matse ido, ba wanda zai gan su ya tuna zaki. Saiwar kuwa bayanta ruwan ƙasa ne, sai an yanka ake ganin farin. Ganyen fa? Gefensa a tsattsage yake kamar bakin zarto, kowane tsini mai kusurwa uku, kuma duk sun lanƙwasa baya suna kallon gindi. Gani ya kori ji. Na kuma lura cewa ba duk ganye ne yake da zurfin tsaga ɗaya ba: wanda ya fito a inuwa sau da yawa gefensa ya fi laushi, wanda ya sha rana a fili shi ne mai fiƙoƙin gaske. Ni dai na tsaya a kan ganye, kuma ina da ƙarin dalili. Waɗanda suka raɗa sunan masu haɗa magani ne, ganye da saiwa suke tarawa, kuma dole su gane tsiron ko babu fure a kansa. Furen na ɗan lokaci ne, ganyen yana nan kusan duk shekara.

Wani abu da ya ba ni dariya shi ne, haƙorin zaki na gaske bai yi kama da wannan ganyen ba sosai. Fiƙar zaki doguwa ce mai zagaye. Amma mutanen da suka yi ta kiran sunan, kusan dukkansu ba su taɓa ganin zaki ba, don ya ƙare a Turai tun zamanin da. Zakin da suka sani shi ne na jikin garkuwa da tuta da sassaƙen coci, mai buɗaɗɗen baki da haƙora tsini-tsini. Sarki Richard na Ɗaya na Ingila ya sa zakoki uku a hatiminsa a 1198, kuma ba shi kaɗai ba ne, gidajen sarauta da yawa na lokacin zaki ne tambarinsu. Da wannan zakin na zane za a gwada ganyen, sai ka ga kamar ta fito.

Daga nan na ɗauko takarda na ja mata layuka, na shiga tara sunan furen a harsuna daban-daban, kowane da ma'anarsa a gabansa. Wannan ne matakin da ya fi yi mini daɗi, kuma shi ne ya fara canja mini tunani. Jamusawa suna cewa Löwenzahn, mutanen Sifen diente de león, Italiyawa dente di leone, mutanen Nowe løvetann, mutanen Wales dant y llew. Duk haƙorin zaki. Kowannensu ya fassara ma'anar zuwa harshensa, saboda haka yaro a Jamus yana jin zaki da haƙori a cikin sunan, alhali yaro a Ingila ba ya jin komai sai sauti, don nasu aro suka yi ba fassara ba. Amma abin lura ya wuce nan. Al'ummu masu nisa da juna haka ba za su kalli ganye ɗaya duk su tuna dabbar da ba su sani ba, kowa don kansa. In ka ga hoto ɗaya ya bazu haka, daga littafi ya fito. Latin ne ya raba musu shi.

Sunayen da ba su bi ta littafi ba suna wani layin, kuma sun fi rai. Faransawa, waɗanda suka ba Ingila haƙorin zakin, su a bakinsu na yau da kullum pissenlit suke cewa, wato fitsarin kwance, ba sakayawa. Dent-de-lion ya fi zama a bakin masu Faransanci na Suwizalan. Dalilin sunan shi ne an daɗe da sanin ganyen yana sa yawan fitsari, masu magani suna ba da shi don haka. Italiyawa suna da piscialletto, a ƙauyukan Ingila ma an yi pissabed, ma'ana ɗaya. Har karin magana Faransawa suka yi da shi: in sun ce wane yana cin pissenlit ta wajen saiwa, to ya riga mu gidan gaskiya, yana ƙarƙashin ƙasa. Wasu al'ummun farin dunƙulen suka kalla. Jamusawa suna da Pusteblume, furen hurawa, Italiyawa soffione, sunan Rashanci oduvanchik shi ma daga hurawa ya fito. Yaran Ingila suna kiran dunƙulen agogo, suna hurawa suna ƙirga wai ƙarfe nawa. Farisawa, mutanen Iran, suna ce masa ƙasedak, ɗan ƙaramin manzo, don ana cewa irin da ya taso ya sauka kusa da kai labari ya kawo. Mutanen Denmak farin ruwan karan suka gani, suka sa madara a sunan. Na Finlan launin suka gani suka ce furen man shanu. Na Holan suka ce furen doki, na Suwidin kuma maskros, furen tsutsa, saboda ƙananan ƙwarin da ake samu a cikinsa.

Duk waɗannan za ka iya gwada su da hannunka: ka hura, ka karya, ka leƙa ciki. Sunan kimiyya ne ba ya gwaduwa haka. Taraxacum officinale. Shi ne ya ci mini lokaci fiye da sauran gaba ɗaya.

Bayanin da na fara cin karo da shi, kuma wanda ya fi yawo, ya ce Taraxacum daga Girkanci yake: taraxis, hargitsi ko damuwar jiki, da akos, magani. Maganin hargitsi ke nan. Bayani ne mai daɗin ji, ya dace da tsiron magani, ya kuma dace da al'adar sunayen kimiyya, waɗanda yawancinsu Girkanci ne ko Latin. Dacewar tasa ce ma ta sa na yi masa kallo na biyu. Hanyar gwada irin wannan iƙirari ɗaya ce, a tambayi shekaru. In kalmar ta Girkawa ce, ya kamata a same ta a rubutun Girkawa. Babban littafinsu na tsirran magani shi ne na Dioscorides, wanda ya rubuta a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya kawo tsirrai kusan 600. Kalmar ba daga can ta fito ba, ba kuma kalmar tsohon Latin ba ce. Ƙamusoshin da suke bin tarihi sun haɗu a kan cewa sai a Latin na tsakiyar zamani ta bayyana, kuma ta ƙofar fassara daga Larabci ta shigo.

A Larabci kalmar ita ce ɗarakhshaƙun. Abubakar al-Razi, likitan da aka haifa a garin Rayy ya kuma yi aiki a Bagadaza, ya ambace ta wajen shekara ta 900, ya ce tsiron yana kama da hindiba, wani ganye mai ɗaci. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ba ta nata babin a cikin littafinsa na likitanci, al-Ƙanun fi al-Ɗibb. Dukkansu Farisawa ne masu rubutu da Larabci, kuma kowa ya ji kalmar ya san ba ta zauna a kan ma'aunin Larabci ba, baƙuwa ce. Masana harshe suna mayar da ita ga Farisanci, inda talkh yake nufin ɗaci, suna ganin asalinta talkh chakok ne, ganye mai ɗaci. Wanda ya taɓa ɗanɗana farin ruwan nan ba zai yi gardama da ɗacin ba.

Daga Larabci zuwa Latin kuwa, hanyar ta bi ta Toledo, wani birni a Sifen. Birnin ya fita daga hannun Musulmin Andalus a 1085, amma littattafansa suna nan, malamai daga sassan Turai suka riƙa zuwa suna fassarawa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Gerard na Cremona, Ba'italiye, wanda ya zauna a can har rasuwarsa a 1187, ya fassara littattafai fiye da 70, ciki har da al-Ƙanun. Da ya zo kan wannan kalma bai fassara ta ba, ya rubuta sautinta ne da haruffan Latin, ta fito tarasacon ko taraxacon, gwargwadon kwafin da ka duba. Fassarar tasa ta zama littafin karatun likitanci a jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17, kalmar ta samu gindin zama. Akwai wani ɗan abu da na lura da shi a nan. A Sifen ta wancan zamani, da harafin x ake rubuta sautin sh. A ganina daga nan x ɗin ta samo asali, sai masu karatu a wasu ƙasashe suka furta ta ks, kalmar ta koma kama da taraxis, daga baya wani ya ga kamar ya ƙulla mata labarin Girkanci.

Abin da ya rage yana damuna shi ne yawan siffofin kalmar a Larabcin kansa. Wani wuri ɗarakhshaƙun, wani wuri ɗarakhshaƙuƙ, wani wuri ma da lam a maimakon ra. Na kai wa wani malamin Larabci da ya saba da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai tas-hifi ne, Malam, kuskuren mai kwafa. Kalmar da mai kwafa bai san ta ba, ba shi da abin da zai gyara ta da shi sai idonsa." Ya ɗauki alƙalami ya rubuta mini ƙaf da nun a ƙarshen kalma ba tare da ɗigo ba, kowane da ƙwaryarsa a ƙasan layi, ya ce in bambanta. Ya ƙara da cewa a rubutun Magariba da Andalus sau da yawa ba a ma sa wa waɗannan haruffa ɗigo in sun zo ƙarshe. Haka sin da shin, haka ha da kha, ɗigo ne kawai tsakaninsu. Kalmar Larabci ta asali, in ɗigo ya ɓace mai karatu zai cike da saninsa. Baƙuwar kalma kuwa, kuma sunan ciyawa, kowane mai kwafa yana iya barin ta da sabon tabo.

Sai tambayar da dattijon farko ya yi mini gargaɗi a kanta ta dawo ta wata fuska: shin al-Razi da Ibn Sina wannan furen suke nufi? Abin da al-Razi ya faɗa shi ne yana kama da hindiba, kuma masana da yawa suna fassara kalmar da hindibar daji. Hindiba ita ce dangin da ake kira Cichorium a kimiyya, kuma wadda ta fi yaɗuwa a daji furenta shuɗi ne, karanta dogo mai rassa. Amma in babu fure, ganyen gindinta da na dandelion kusan ɗaya ne: tsaga iri ɗaya, farin ruwa iri ɗaya, ɗaci iri ɗaya. 'Yan gida ɗaya ne. Turkawa har yau karahindiba suke kiran dandelion, baƙar hindiba, Larabawa ma suna ce masa hindiba barriyya. Abin da na fahimta shi ne sunan ya taso a matsayin laƙabin wasu ganyaye masu ɗaci na wannan gida, masu magani na Turai ne suka ɗaure shi a kan wanda ya fi yawa a ƙofarsu. Saboda haka a rubutuna ban ce Ibn Sina ya yi bayanin dandelion ba, ko da yake ana yawan faɗin haka. Na ce sunan ya biyo ta littafinsa.

Sauran tafiyar gajeriya ce, kuma takardunta a bayyane suke. A 1753 Carl Linnaeus na Suwidin ya fitar da Species Plantarum, inda tsarin ba kowane tsiro suna mai kalma biyu ya kafu. Ya kira furen Leontodon taraxacum. Leontodon haƙorin zaki ne aka ƙera da Girkanci, saboda haka ya haɗa sunayen biyu wuri ɗaya, na littattafan Latin da na littattafan Larabci. A 1780, a cikin wani littafi kan tsirran yankin Holstein, a arewacin Jamus ta yau, wanda Friedrich Heinrich Wiggers ya wallafa, aka ware shi a ƙarƙashin Taraxacum da sunan da yake ɗauke da shi yanzu. Shi ya sa za ka ga an rubuta F.H.Wigg. a bayan sunan, wannan gajeren rubutu sa hannun wanda ya wallafa sunan ne, kuma ta kansa na gano shekarar. Leontodon bai mutu ba, ya zauna a kan wasu furanni rawaya na daban. Wato a harshen kimiyya na yau, haƙorin zaki sunan wani tsiro ne, ba wanda duk Turai take kira haka ba.

Officinale kuma daga officina take, ɗakin da ake ajiye magunguna da haɗa su a gidajen ibadar Kirista na tsakiyar zamani, daga baya ta zama sunan shagon mai haɗa magani. Duk tsiron da ka ga wannan kalma a sunansa, to a da ana sayar da shi don magani. Citta ma Zingiber officinale ce.

Da na kai wa dattijon abin da na rubuta, sai ya ɗauki biro ya ƙara haruffa uku a bayan sunan: agg. Ya ce yawancin dandelion ba ya bukatar barbara kafin ya yi iri, uwa takan fitar da 'ya'ya masu kama da ita sak, saboda haka duk ɗan bambancin da ya ɓullo yakan tsaya ya zama zuriya mai zaman kanta. Masana sun bayyana irin waɗannan ƙananan jinsuna fiye da 2,000, fiye da 200 a Birtaniya kaɗai. Haruffan nan uku suna nufin taro ne ake kira da suna ɗaya. Masu rarrabe su, in ji shi, a farkon bazarar Turai suke fita, lokacin da furen farko yake buɗewa, don ganyen da yake fitowa daga baya siffarsa takan canja, ba a dogara da shi.